Me ya kawar da manyan motocin Amurka na da?

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Guga cikin birnin Katsina zai ga Toyota da Honda da tsofaffin Peugeot suna wucewa, amma da wuya ya ga zungura-zunguran motocin nan na Amurka.

Cadillac ƙirar 1959, alal misali, tsawonta ya kai mita 5.7, injinta mai silinda takwas ne. Masu sha'awarta na yaba faɗin kujerunta da laushin tafiyarta, sai dai akwai ta da shan mai.

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da take bai wa Isra'ila. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12.

A 1975 Amurka ta kafa dokar tsimin mai, a 1977 kuma kamfanin General Motors ya rage girman manyan motocinsa.

Tsadar man ta cika baitulmalin Najeriya, amma ƙasar ta karkata ga Faransa, inda a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna. Shi ya sa kanikawan arewa suka laƙanci 504, ba Cadillac ba.