Daga tanki zuwa kafireta: Yadda ake raya tsohuwar Fijo a zamanin tsadar fetur

Kwadon gari ne da ke bakin hanyar Gombe zuwa Biu, a Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba, tafiyar 'yan mintoci daga birnin Gombe. An san shi da noman rani da cinikin kayan gwari, su tumatir da tattasai da albasa. Kayan gwari kuwa ba su san jira ba. Kwandon tumatir da aka ɗora da asuba, idan mota ta mace da shi a hanya har rana ta take, kafin la'asar darajarsa ta faɗi. A irin waɗannan hanyoyi ne har yau ake cin karo da tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda Bahaushe ke kira Fijo, suna ɗauke da kayan da suka fi ƙarfin shekarunsu.

Ga manomi da direba, wannan mota hanyar abinci ce. Ga ma'aikacin gwamnatin tarayya kuwa tarihi ce, sau da yawa ma gado ce da ke kwance a ƙofar gidan iyaye, ƙura ta rufe ta. Dukansu biyu matsala ɗaya ke ci musu tuwo a ƙwarya: yadda fetur zai tashi daga tanki ya isa inji da tsabta, kuma daidai gwargwado.

Motar da ta zama tambarin gwamnati

An fara ƙera Peugeot 504 a Faransa a 1968, ta kuma lashe kambin gwarzuwar motar Turai a 1969. A 1975 ta ci gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, abin da ya tabbatar da juriyarta a kan hanyar burji. A shekarar ce kuma masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta rungumi 504 a matsayin motar jami'an gwamnati, a wani mataki na rage facaka. Faransa ta daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Da aka shigo da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, motocin gwamnati da dama sun koma hannun ma'aikata ta hanyar gwanjo, daga nan suka gangara tashoshi da ƙauyuka.

Sirrin daɗewarta shi ne sauƙi. Yawancin waɗanda ke Najeriya kafireta gare su, ba kwamfutar da ke auna musu mai kamar motocin zamani. Bakanike mai sifana da sukundireba da kunne mai kyau zai iya tayar da ita a gindin bishiya. Sai dai wannan sauƙi yana da sharaɗi: kafireta ba ta yafe datti.

Hanyar da mai ke bi

Tafiyar fetur zango huɗu ce. Daga tanki ya bi tiyo, ya ratsa filta, famfon mai da inji ke juyawa ya tura shi gaba, sannan ya shiga kafireta. A cikinta akwai ɗan ƙoƙo da mai ke taruwa, da wani abu mai yawo a saman man, wanda ke tura allura ta toshe ƙofa idan ƙoƙon ya cika. Daga nan man ke fita ta wasu ƙananan ƙofofi da kanikawa ke kira jet, ya gauraya da iska. Bisa nauyi, inji na buƙatar kusan kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta ɓata wannan lissafi.

Kowace cuta da alamarta. Motar da ke tashi lafiya, ta yi silo lafiya, amma ta riƙa shaƙewa idan an taka totur a kan hawa da kaya, yunwar mai ke damunta. A duba filta da famfo. Wadda ke fitar da baƙin hayaƙi, tana warin fetur, fulogoginta sun yi baƙi ƙirin, mai ne ya yi mata yawa. Ko allurar ta daina rufewa, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Wadda ke mutuwa a zafin Maris da Afrilu, ta ƙi tashi sai ta huce, sau da yawa fetur ne ya zama tururi a tiyon da ya kusanci zafin inji, famfo kuwa ba ya iya tura tururi. Idan an buɗe murfin tanki aka ji ya zuƙi iska, mashaƙar tankin ce ta toshe.

Mafi haɗari ita ce wadda ba ta da hayaniya. Idan robar cikin famfo ta yage, fetur na iya tsiyaya cikin baƙin mai ya tsinka shi. Direba zai ga gejin baƙin mai yana ƙaruwa maimakon raguwa, yana kuma warin fetur. Wanda ya yi sakaci da wannan, injin gaba ɗaya zai saya.

Abin da tsada ta jawo

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce 1,000 a wurare da yawa. Wannan ya sauya ɗabi'ar direbobi. An koma shan lita biyu ko uku, tanki kullum a ƙasa, famfo na zuƙo tsatsa da ruwan da suka kwanta a gindi. Tankin da ba kowa a cikinsa kuma yana tara gumi, gumin ya haifi sabuwar tsatsa. Ga man 'yan bumburutu da ke kwana a jarka, ba a san abin da ya shiga cikinsa ba. Ko na gidan mai bai tsira ba a kowane lokaci: a Fabrairun 2022 hukumomi sun tabbatar da shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, sinadarin da ke cin roba yana kuma janyo ruwa.

Akwai kuma dabarun tsimi da ke komawa asara. Wasu na sa a shaƙe kafireta don ta rage sha, inji ya riƙa zafi fiye da ƙima har bawul ya ƙone. Wasu na zura waya a cikin jet don fitar da datti, ƙofar ta faɗaɗa, shan mai ya ƙaru har abada. Mafi muni shi ne ajiye jarka a cikin mota a jawo tiyo kai tsaye zuwa inji. Tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye mota da kaya, wani lokaci har da rai.

Ga mai son raya tasa

Mai sha'awar farfaɗo da tsohuwar mota yakan fara da fenti da kujeru, domin su ido ke gani. Tsarin da ya dace shi ne a fara daga baya. A sauke tanki a wanke, a zubar da tsohon man da ya daɗe ya zama danƙo. A canza dukkan tiyo na roba da sabbi waɗanda aka yi don fetur, a sa sabuwar filta, a gwada famfo. Sai a tabbatar wuta na zuwa daidai, a duba fulogi da kwantak da koyil, domin laifuffuka da yawa da ake ɗora wa kafireta na wuta ne. Bayan haka ne za a kwance kafireta a wanke ta da iska mai ƙarfi, a daidaita ta inji na da ɗumi. Fenti shi ne na ƙarshe.

Abin da zai fi wuyar samu nan gaba ba kayan gyara ba ne, hannun da ya san aikin ne. Yaran gareji na yau sun fi karkata ga motocin injekta da na'urar gano cuta, domin can kasuwa take, masanan kafireta kuwa suna tsufa. Yayin da gwamnati ke mayar da hankali kan sauya motoci zuwa iskar gas, ya kamata masu tsara shirye-shiryen koyar da sana'a su tuna cewa wani ɓangare na abincin da ke isa kasuwannin birane har yanzu a bayan tsofaffin motoci yake fara tafiyarsa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya san haɗin.