DAGA FILIN WASA ZUWA FAGEN FAMA

Duk wanda ya san birnin Katsina ya san Ƙofar 'Yandaka. Ta nan ne Gwamna Lugga ya shigo gari a shekarar 1903, Sarkin Katsina Abubakar ya tarye shi ba tare da an yi yaƙi ba. Yawancin sojan da suka rako shi baƙaƙen fata ne irinmu. Bayan shekara 36, wato a 1939, mulkin nan da ya shigo ta ƙofar ya juyo yana neman samarinmu su fita su taya shi yaƙi da Hitila. Suka fita. Waɗansu suka komo, waɗansu kuwa har wa yau ba a ga ko kabarinsu ba.

A kan waɗannan da ba su komo ba mu ke so mu yi magana a wannan wata. Gama lokaci yana wucewa, 'yan mazan jiya na wancan yaƙi sun kusa ƙarewa, 'ya'yan da suka ji labari daga bakinsu su ma furfura ta rufe su.

GARIN MASU WASA

Katsina garin wasa ne tun dā. Bayan kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, sai dandali ya cika da 'yan kokawa da 'yan dambe, makaɗa suna zuga su. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko kuma aka kawo ƙwallon dawaki, wato folo, wasan ya zauna daram har ya zama abin da a ke sanin Katsina da shi. Ɗansa Usman Nagogo ya gwanance ƙwarai, har aka ba shi maki 7 a ma'aunin gwanintar wasan.

Da yaƙi ya tashi, irin samarin dandali ne masu ɗaukar soja su ke nema: mai faɗin ƙirji, mai ƙarfin ƙafa, wanda zai yini yana tafiya da kaya a kā. Waɗansu da kansu suka je suka ba da suna, ko don albashi, ko don son ganin duniya, ko don kada a ce musu ragwaye. Amma gaskiya ita ce ba duka ne suka tafi da son ransu ba. Akwai waɗanda aka matsa wa masu gari su kawo, domin a cika adadin da Turawa suka yanka. Uwar da ɗanta ya tafi da kansa da uwar da aka ɗauke nata, hawayensu iri ɗaya ne.

DAJIN BAMA

Da fari sojan Nijeriya sun yi yaƙi da Italiya a ƙasar Somaliya da Habasha a 1941. Daga baya aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can sai Bama, ƙasar da a ke kira Miyanma yanzu, domin su kara da sojan Japan. Hausa ita ce harshen da yawancin sojan Nijeriya su ke magana da juna da shi, ko da mutum ba Bahaushe ba ne.

Ku duba, ya ku masu karatu. Yaron da ya tashi a ƙasar yashi da gero, wanda ruwan shekararsa wata uku ne ko huɗu, ga shi cikin ƙurmin da rana ba ta ratsa shi sosai, ga tsaunuka, ga matsattsaku, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A kwarin Kaladan a 1944 babu hanyar mota ta kirki. Jirgin sama ne ke sako abinci da laima, mutanenmu kuwa su ɗauki harsashi da kayan asibiti a kā su hau dutse da su. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, aka haɗa su da rundunar nan da a ke kira Cindit, wadda ta yi yaƙi a bayan layin abokan gaba. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka ci garin Myohaung. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane da yawa, ban da waɗanda harsashi ya ɗauke.

Usman Nagogo ya hau gadon sarautar Katsina a 1944. Bai daɗe da hawa ba ya yi doguwar tafiya har Indiya da Bama, ya ga sojanmu ido da ido. Gwanin filin wasa ya je ya gai da waɗanda suka bar nasu filin. Wannan ziyara tana rubuce a tarihi, ya kuwa dace. Amma sarki ya komo gida ya yi mulki har 1981. Waɗanda ya gaisar fa?

Kusa da birnin Rangun akwai makabartar yaƙi ta Taukkyan. A tsakiyarta an kafa ginshiƙai masu ɗauke da suna kusan 27,000 na mutanen da suka mutu a yaƙin Bama ba a sami gawarsu ba. Cikinsu akwai 'yan Nijeriya. A nan gida kuwa abin da ya rage a bakinmu sunayen bariki ne: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan a Ikko. Duk sunayen wurare ne a Bama. Mun riƙe sunan wurin da aka mutu, mun saki sunan wanda ya mutu.

MARAYAN DA YA ZAMA HAFSA

Domin mu ga yadda a ke tono sunan da ya kusa ɓata, bari mu leƙa Ingila mu ji labarin wani ɗan ƙwallo baƙar fata mai suna Walter Tull, wanda ya mutu a Yaƙin Duniya na Farko.

An haife shi a garin Folkestone ran 28 ga Afrilu 1888. Ubansa Daniyel kafinta ne daga tsibirin Barbados, kakansa kuwa an bautar da shi a can. Uwarsa Baturiya ce. Ta rasu a 1895, uban ya bi ta a 1897. Kafin Walter ya cika shekara goma ya zama maraya gaba da baya. Ekklesiyar Metodis da iyalin su ke sujada a ciki ita ce ta tsaya, aka kai shi da ɗan'uwansa Edward gidan marayu na ekklesiyar a birnin Landan. A can ya koyi aikin ɗab'i, a can kuma ya soma buga ƙwallo.

A 1909 babbar ƙungiyar nan Tottenham Hotspur ta ɗauke shi. A wani wasa a garin Bristol cikin shekarar nan 'yan kallo suka yi ta zaginsa saboda launin fatarsa. Bai rama ba, ya ci gaba da wasansa, har wani ɗan jarida da ya gani ya rubuta yana yabon halinsa, yana tir da masu zagin. A 1911 ya koma Northampton Town, inda ya buga wasa 111.

Yaƙi ya tashi a 1914. A lokacin ba a soma tilasta wa kowa shiga soja a Ingila ba. Walter yana da aiki, yana da suna. Duk da haka a watan Disamba ya je ya ba da sunansa a bataliyar da aka kafa ta 'yan ƙwallo. Ya sha wuyar ramukan yaƙi a Faransa har ciwon firgita ya kama shi, aka mai da shi asibiti. Da ya warke ya koma. A watan Mayu 1917 aka ba shi muƙamin laftana, ko da ya ke littafin dokar soja na lokacin ya keɓe wannan matsayi ga Turawa tsantsa. Ya zama ɗaya daga cikin baƙaƙen fata na farko da suka ja sojan Ingila farare zuwa fagen fama. A Italiya ya ƙetare kogin Piave da dare da mutum 26, ya komo da su duka lafiya.

Ran 25 ga Maris 1918, kusa da ƙauyen Favreuil a Faransa, harsashi ya same shi. Shekararsa 29. Mutanensa suka yi ƙoƙarin ɗauko gawarsa, wuta ta hana su. Ba shi da kabari, sai suna a bangon tunawa na garin Arras.

Ga abin lura. Shekaru da yawa suka wuce ba mai ambatonsa sai danginsa. Sai da masu bincike suka koma kan tsofaffin jaridu da wasiƙun iyali, sa'an nan labarin ya fito. A 1999 aka kafa masa dutsen tunawa kusa da filin wasan Northampton. A 2018 aka buga kan sarki da hotonsa. Da ba a ajiye takardun nan ba, da wani bai zauna ya yi tambaya ba, da ba mu ji wannan labari ba.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA NUNA MANA

Cikin Littafi Mai Tsarki ma akwai gwanin gudu da ya mutu a yaƙi. Ku karanta 2 Sama'ila sura 2. Asahel ƙanen Yowab ne, an kwatanta saurinsa da na barewa. Ya bi Abner da gudu, aka gargaɗe shi sau biyu ya ƙi juyawa, ya mutu a wurin. Littafin bai ɓoye gangancinsa ba, bai kuma yar da sunansa ba. A sura 23, inda aka jera jarumawan Dawuda, Asahel ne farkon jarumawa talatin ɗin nan. Na ƙarshe a jerin kuwa Uriya Bahitte ne, baƙo, wanda sarkin da ya bauta wa ya ci amanarsa. Yaran makaranta su kan gaji da karanta irin wannan jerin sunaye. Amma Allah ya ga ya dace a rubuta su ɗaya ɗaya.

Ba yaƙi mu ke yabo ba. Yaƙi mugun abu ne, mu kuwa an kira mu ga salama. Walter ya ba da ransa domin ƙasar da aka zage shi a cikinta. Kakanninmu sun mutu ƙarƙashin tutar da ba tasu ba, da albashin da bai kai na Bature ba. Ba za mu shafa wa wannan mai ba. Amma Ubangijinmu Yesu ya koya mana a Yohanna 15:13 cewa iyakar ƙauna ita ce mutum ya sadaukar da ransa saboda waɗanda ya ke ƙauna. Sojan da suka rarrafa cikin wuta don su ɗauko gawar hafsansu, da ɗan dakon da ya goyi mai rauni ya sauko da shi daga dutse a Kaladan, sun nuna mana inuwar ƙaunar da ta cika a kan gicciye.

ME ZA MU YI?

Na ɗaya, kowane gida ya tambayi tsofaffinsa tun suna nan. Wa ya tafi yaƙin Bama, ko yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, bai komo ba? Ɗan wa ne? Manomi ne, ko ɗan kokawa, ko mai buga ƙwallo? A rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na iyali, inda mu ke rubuta haihuwa da aure.

Na biyu, a sa yaran da suka iya intanet su duba. Hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashen renon Ingila ta sa sunayen a fili, da lambar soja da ranar mutuwa. A tuna cewa sau da yawa an rubuta soja da sunan garinsu maimakon na ubansa, don haka a gwada neman Katsina, ko Kano, ko Zariya.

Na uku, ran 15 ga Janairu ita ce ranar tunawa da 'yan mazan jiya a ƙasarmu. A Lahadin da ta fi kusa, dattawan ekklesiya su karanta sunayen nan a majami'a. Kada mu tsaya kan masu bi kaɗai. Maƙwabtanmu Musulmi sun kwanta a rami ɗaya da namu, sunayensu suna kan ginshiƙi ɗaya. Zumuntar mata kuma ta ziyarci gwaurayen soja na yau da marayunsu, gama har yanzu samari suna faɗuwa a dajin ƙasarmu. Ekklesiya ce ta riƙi Walter sa'ad da ba shi da kowa.

Ku kuma samari masu ƙarfin jiki, ku yi wasanku da murna. Sai dai ku sani ƙarfin nan aro ne. Wata rana za a tambaye ku wa ya amfana da shi.

Ruya ta Yohanna sura 20 ta tabbatar mana cewa ran ƙarshe teku da kabari za su mai da matattun da ke cikinsu. Dajin Bama ma zai mai da nasa. Kafin ranar nan, Allah ya ba mu zuciyar tunawa, ya ba ƙasarmu salama. Amin.