Amsoshin Wasiƙunku: Jitar Bes, Kafin Ka Zuba Kuɗin Masararka

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga ƙasar Birnin Gwari, ya rubuto ya ce ya je biki Kaduna ya ga wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda in an taɓa ta mutum yakan ji har cikin ƙirjinsa. Yana so ya san sunanta, da dalilin kaurin muryarta, da kuma ko ya dace ya saya in ya sayar da masarar bana, don ya riƙa ɗebe kewa a gida. Ya ce shi ba maroƙi ba ne, bai kuma gaji kiɗa ba, sha'awa ce kurum.

AMSA: To Malam, mun gode da wasiƙarka. Abin da ka gani shi ake kira jitar bes. Aikinta a cikin taron makaɗa shi ne aikin babbar ganga: ita ke riƙe ƙasan kiɗa, sauran kaya su hau kanta. Ba ta cika yin kwalliya ba, amma in ta yi shiru nan take za ka ji kiɗan ya zama fayau kamar miya ba gishiri.

Ba tsohuwar aba ba ce. Da can Turawa da wani ƙaton goge suke wannan aiki, wanda tsawonsa ya kai na mutum, a tsaye ake kaɗa shi, ɗaukarsa ma wahala. Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera irin ta lantarki tun a shekarun 1930, amma ba ta karɓu ba. Sai a 1951 Leo Fender na jihar Kalifoniya ya fito da tasa, mai suna Precision Bass, wadda ake ratayawa a kafaɗa, daga nan ta bazu duniya. A nan Arewa, marigayi Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya yi tashe da ƙungiyarsa a Kaduna yana waƙoƙin Hausa a kan kayan kiɗan zamani. A Nijar kuwa ƙungiyar Mamar Kassey, da aka kafa a 1995, ta haɗa jitar bes da molo da kalangu da ƙwarya, suka zauna lafiya.

Batun kaurin murya, ai kai ma ka san sirrin, tun da garaya, abin kiɗan mafarauta, ba baƙuwa ba ce a ƙasa mai daji irin taku. Babbar garaya ta fi ƙarama kaurin murya. Abu uku ke jawo haka: tsawon tsirkiya, kaurinta, da yadda aka ɗaure ta. Doguwa mai kauri a hankali take kaɗawa, sai murya ta sauka ƙasa. In ka tsananta ɗauri sai ta hau, kamar yadda mai kalangu ke matse shi a hammata. Tsirkiyar bes, daga inda ta tashi zuwa inda ta tsaya, inci 34 ce, wato wajen santimita 86. Mafi kaurin cikin huɗun sau 41 kacal take kaɗawa a daƙiƙa guda, alhali kunnen ɗan Adam daga wajen sau 20 yake fara ji. Shi ya sa ka ji ta a ƙirji.

Yanzu ga inda ya kamata ka buɗe kunne, don nan ne kuɗi ke salwanta. Garaya da gurmi suna da ciki da fata, su ke fitar da amo. Jitar bes kuwa gungumen katako ce, ba ta da ciki. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe. In tsirkiyar ƙarfe ta motsa a kansa sai a sami 'yar wutar lantarki, ta bi waya zuwa akwatin ƙara murya, wato amfilifaya, shi kuma ya tura wa lasifika. Ashe ke nan in ka sayi jita kaɗai, ka sayi galma ba shanu. Kana bukatar jita, da amfilifaya, da wayar haɗa su, da kuma wuta.

Amfilifayar ma sai wadda aka yi don bes. Kada ka jona ta a rediyon gida ko ƙaramar lasifikar talla, ƙarfin muryar na iya yaga ta. Don zaman ɗaki, mai wat 15 zuwa 25 ta wadatar. Tun da wuta ba ta da tabbas a karkara, ka fara lissafin wannan tun kafin ka hau mota. In kana da sola da batir da inbata, za su ɗauki ƙaramar amfilifaya ba wahala, don ba ta kai firji ci ba ko kusa. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiya mai aiki da batir, ana cusa ta jikin jitar a saurara da abin sawa a kunne. Ga mutumin ƙauye, mu dai ita muka fi ba da shawara.

In ka tashi saye, a Kaduna ne ko Sabon Garin Kano, je da kanka, in da hali tare da wanda ya iya. Kada ka yi aike, kada ka yi cinikin biri a sama. Sabuwa da ta hannu duk akwai, kuma ta hannu mai lafiya ta fi sabuwa ta banza. Sunan da ke rubuce a kanta, ko Fender ne ko Yamaha ko Ibanez, kada ya ruɗe ka, jabu sun yi yawa. Ga abin da za ka duba.

Na ɗaya, wuya. Ɗaga ta ka hanga daga kai zuwa gindi kamar mai duba miƙewar ƙotar fartanya. In ya murɗe, ajiye musu kayansu. Tsirkiyoyin nan huɗu suna jan wuyan da ƙarfin da ya kai kilo 70 zuwa 80, ya kusa buhun masara ke nan, dare da rana. Don haka aka sa sandar ƙarfe a cikinsa wadda ake juyawa a daidaita shi. Tambayi mai kaya ya nuna maka tana juyawa.

Na biyu, tazarar tsirkiya da wuya. A wajen ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da aka gitta a wuyan, kada ta wuce milimita 2 zuwa 3. In ta yi nisa yatsunka za su gaji, sha'awar ta mutu cikin mako guda.

Na uku, sa a jona ta a wuta. Danna kowace tsirkiya a kowane gurbi, ka saurara ko akwai zizar ƙarfe. Murɗa maɓallan murya, girgiza wayar a bakin raminta. In tana ƙarar tsatsa ko tana ɗaukewa, a rage kuɗi ko a gyara a gabanka.

Na huɗu, akwai mai bukatar ƙaramin batir mai bolt 9 a cikinta, akwai wadda ba ta bukata. Ɗauki marar batir, mai tsirkiya huɗu. Mai biyar da mai shida na ƙwararru ne. In hannunka ƙarami ne, akwai gajera mai inci 30.

Bayan saye sai riƙo. Katako yana shan danshi da damina, ya bushe da hunturu, wuyan ya ɗan motsa, ƙarshen ƙarafan ya fito yana kartar hannu. Kada ka bar ta a rana, ko jikin bango kusa da murhu, ko cikin ɗakin ajiyar taki. Sa ta cikin jakarta saboda ƙura. Goge tsirkiya da busasshen ƙyalle duk ka gama, gumi ke kawo tsatsa. In muryarsu ta dushe, makaɗa kan cire su su tafasa a ruwa, su shanya sosai, su mayar. Yana ƙara musu kwana.

Wajen koyo, da yatsa biyu ake ja, manuniya da na tsakiya, bi da bi kamar tafiya. Fara da murya ɗaya tak, kana bin bugun ganga a waƙar da ka sani, har sai kun daidaita. Yawancin kiɗanmu na Hausa a kan muryoyi biyar yake yawo, in ka gano su a wuyan jita ka sami hanya. Minti ashirin kullum bayan an taso daga gona ya fi yini guda a wata. Yatsu za su yi kanta, amma ba su kai ta fartanya ba.

Sai hakkin maƙwabta. Murya mai kauri tana ratsa bango fiye da siririya, kuma a ƙasar da ta sha fama da 'yan bindiga, mutane da dare kunnensu na waje, baƙon gurnani na iya tayar da hankalin unguwa. In rana ta faɗi sa abin kunne, lokacin salla kuma a ajiye.

To ya dace ka saya? In ka ware abincin gida, da kuɗin taki da iri na baɗi, ragowar kuma ta isa jita da amfilifaya da wuta gaba ɗaya, bismilla. Mai kaɗawa a ɗakinsa don nishaɗi bai roƙi kowa ba. In kuwa ba ta isa ba, kada ka sayi rabi, kada ka ci bashi. Nemi gurmi ko garaya ka fara horar da kunne da yatsa. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, na gwangwanin kifi da fatar akuya, ya zaga duniya.

Allah ya ba da kasuwa, ya zaunar da ƙasarku lafiya. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da wasiƙu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.