Baƙuwar da Ta Gaji Gida: Kalmar Dutse a Harsunan da Latin Ya Haifa

Duk wanda ya tsaya a gidan mai ya ce a zuba masa fetur, ya ambaci dutse bai sani ba. Tushen kalmar shi ne petroleum, haɗin petra, dutse, da oleum, mai. Ita kuwa petra baƙuwa ce a Latin, domin Rumawa sun aro ta daga Girkawa alhali suna da lapis da saxum nasu na gado. Amma yau Bafaranshe pierre yake cewa, Ba'italiye pietra, mutumin Sifen piedra, na Fotugal pedra, na Romaniya piatră. Wannan shaida ce cewa harshe daga bakin talaka ake gadonsa, ko da littafin malami ya zaɓi wata kalmar.

Siffofin ma wannan sawun suka bi. Latin kan liƙa -osus a ƙarshen suna don nuna yalwa, kamar yadda Bahaushe ke cewa wuri mai duwatsu. Daga petrosus aka sami pietroso a Italiya, pierreux a Faransa, da pietros a Romaniya, inda tsaunin Pietrosul Rodnei mai tsayin mita 2,303 ke ɗauke da sunan. Saxum ta tsira a lunguna: sasso da sassoso a Italiya, inda ake kiran gidajen kogo na Matera da Sassi, sai seixo, tsakuwa, a Fotugal.

Wani zai ce addini ne ya ɗaga petra, tunda daga ita sunan Petrus, wato Bitrus, ya fito. Ƙila ya taimaka, amma ina za a kai rocca, wata kalmar dutsen? Ba ta cikin Latin ɗin manyan marubuta, ba ta da waliyyi, duk da haka ta haifi rocheux da rocoso da roccioso. Wani kuma zai ce ai lapis ba ta mutu ba. Gaskiya ne, sai dai a duba inda ta ƙare: lápiz, fensir a Sifen, da lapide, allon dutse na kan kabari a Italiya. Kalmar malamai ta koma hannun mai rubutu da maƙabarta, ita kuwa wadda manomi ke kira idan garmarsa ta ci karo da dutse, ita ta mallaki gona da tsauni.