Wane mai ya dace da bindiga a damshin Kudu?

Yau maganar mai za mu yi, man da ake shafa wa bindiga. Duk wanda ya zauna a Kudu ya san mutanenmu da yawa da gadi suke cin abinci, wasu 'yan banga ne a unguwanni da kasuwannin kara, wasu kuma mafarauta ne masu shiga dazuzzukan Edo da Ondo da Ribas. Mafi yawansu da al'adar gida suka zo: a goge ƙarfe da duk man da hannu ya kai gare shi, a jingine a lungu. A Kano ko Gusau mutum zai iya yin haka shekara da shekaru bai ga komai ba. A Legas ko Fatakwal kuwa, damina ɗaya ta isa ta nuna masa.

Kafin in shiga ciki, bari in raba gardama. Maganata da mai lasisi nake yi. Dokar makamai ta Najeriya, wadda aka kafa tun 1959, ta kasa bindigogi gida uku. Irin na soja, kamar masu cin harsashi milimita 7.62, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma wanda aka kama da su ba izini ɗaurin shekara goma zuwa sama ke jiransa. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ita kuma ta toka, wato harba-ka-ruga, kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da takardarta. Mu da ke zaune a ƙasar mutane mun fi kowa sanin nauyin wannan magana. Ba wanda ya manta abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe mafarauta 16 da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta a motarsu. Allah ya jiƙansu. Saboda haka wanda ba shi da takarda, hanyar ofishin 'yan sanda ya kamata ya fara nema kafin kwalbar mai.

To, ilimin man bindiga yawanci daga bindiga mai ɗura wa kanta harsashi aka samo shi, don ita ce ba ta yafe kuskure. Yadda take aiki shi ne, in aka ja kunama harsashi ɗaya ya fita, sai ta yi amfani da ƙarfin hayaƙin wannan harbin ta tura wani ƙarfe baya, ya jefar da kwanson da aka harba, ya dawo ya ɗauko sabo. Duk wannan cikin ƙiftawar ido, da zafi, da baƙin hayaƙi yana shiga ko'ina. Mai baki biyu kai ne kake buɗe ta da hannunka, in ta yi tauri ka ƙara ƙarfi. Ita wannan ba hannun kowa a ciki, in ƙarfen ya ɗan ci tura sai ta tsaya cak. Shi ya sa sojojin da suka riƙe ta suka koyi darasin mai da jininsu.

Amurka ta karɓi irin wannan bindiga a 1936, ana ce mata M1 Garand, tana cin harsashi takwas. Da aka gwada ta cikin ruwan sama mai yawa sai aka ga ruwa yana wanke man da ke jikin ƙarafan, su bushe, su riƙe juna. Maganin da aka samo shi ne giris, har aka riƙa ba kowane soja ɗan mitsitsin gwangwaninsa ya ajiye a wani rami da ke gindin bindigar. Masu harkar suna da ƙa'idar da har yau ake bi: wurin da ƙarfe ke goga ɗan'uwansa yana gaba yana baya, giris ya fi zama, wurin da ƙarfe ke juyawa a kan ƙusa, ɗigon mai ya isa. Duk wanda ya taɓa taya makanike aiki a gareji zai gane, ai ba man da ake sa wa sarƙar babur ake zubawa a inji ba.

Amma wannan giris ɗin da ya yi rana a ruwan sama, shi ya zama bala'i a yaƙin Koriya. A ƙarshen 1950, a wajen tafkin Chosin, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, mai ya daskare a jikin ƙarfe, bindigogi suka ƙi motsi, har sojoji suka koma goge shi gaba ɗaya. Mu wannan bai shafe mu ba, ko sanyin Jos bai kai nan ba. Na kawo shi ne don a ga cewa mai ɗaya kan gyara a wani gari ya ɓata a wani.

Wanda ya fi kama da namu shi ne na Biyetnam, ƙasar kurmi da ruwa da laima kamar Neja Delta. A shekarun 1960 aka kai wa sojojin Amurka sabuwar bindiga M16, wadda 'yar'uwarta ta farar hula, AR-15, ita ce Amurkawa ke ta jayayya a kan man da ya dace da ita har gobe. An ba sojoji ita da labarin wai ba ta buƙatar wani goge-goge, da yawansu ko kayan goge ta ba a ba su ba. Ga shi an canza albarushin harsashin zuwa wanda ya fi barin datti, ga laima tana cin ɗakin da harsashi ke zama. Sai kwanso ya maƙale a ciki ana tsakiyar faɗa. An rasa rayuka a haka, har majalisar dokokin Amurka ta yi bincike a 1967. Bayan nan aka lulluɓe ɗakin harsashin da wani farin ƙarfe da tsatsa ba ta kamawa, aka raba kayan gogewa da man da ya dace, aka ma buga wa sojoji ɗan littafi mai zane-zane don su karanta. Daga baya sojojin suka koma wani mai guda da ake kira CLP, mai aiki uku: ya narkar da datti, ya sa santsi, ya hana tsatsa.

Akwai kuma maganar ƙura, wadda 'yan Arewa suka fi sani. Kowa na cewa a ƙura kada a sa mai, don mai na kama ƙasa. Da gaskiya a ciki, amma rabi. Lokacin yaƙin Iraƙi sojojin Amurka sun yi gwaji a ɗakin da aka cika da ƙura, suka ga bindigar da aka wadata ƙarafan cikinta da mai ta fi wadda aka yi wa ƙwauro daɗewa ba ta tsaya ba. Abin da ake bari a bushe shi ne bayanta, inda ƙura ke sauka.

Yanzu mu dawo gida. A Arewa abokin gabar ƙarfe ƙura ce, musamman da hunturu. A nan kuwa ruwa ne. Ruwan da ke sauka a Fatakwal a shekara ya haura milimita 2,000, Kano da ƙyar ya kai 1,000. A Legas ga laima ga iskar teku mai gishiri. Ni a harkar shanu na tashi, mahaifina fatauci yake yi daga Arewa zuwa nan, kuma a kara ne na fara lura da yadda ƙarfe ke lalacewa a ƙasar nan. Wuƙar mahauci in ta kwana ba a goge ba, da safe za ka ga ja-ja a bakinta. Sarƙa da kwaɗon da suka yi shekara biyar a gida lafiya, a nan wata shida sai su ƙi buɗuwa. To ina ga bututun bindiga, wanda cikinsa ba ka gani sai ka leƙa? Don haka a Kudu abin da za ka fara tambaya game da kowane mai shi ne: yana hana tsatsa, kuma yana daɗewa a jikin ƙarfe? Santsi na biye.

Mafi munin zaɓi, kuma shi aka fi yi, shi ne man girki. Man gyaɗa, manja, man kwakwa, duk ranar farko suna sa ƙarfe ya yi ƙyalli har ka ji daɗi. Matsalar ita ce man tsiro in ya sha iska yana canzawa, ya yi kauri, ya koma danƙo. Dubi bayan kaskon mai suyar ƙosai, wannan baƙin danƙon da ko soson ƙarfe ba ya fitarwa da sauƙi. Shi ne zai taru a cikin kunamarka da allurar da ke dukan harsashi. Ranar da ake buƙata sai ka ja ka ji shiru, ko kuma abin da ya fi haka muni, makullin tsaro ya ƙi kamawa sosai. Manja ma da ya kwana biyu yana da tsami a jikinsa, wanda shi kansa cin ƙarfe yake yi.

Na biyu shi ne baƙin man da aka juye daga inji, wanda makanikai ke bayarwa kyauta. Dan Allah a bar shi. Ya riga ya ƙone, cike yake da garin ƙarfe da toka da tsami. Sabon man inji daga galan kuwa ba laifi, Amurkawa da yawa da shi suke amfani, kuma in ba a sami na bindiga ba ni shi zan ce a ɗauka. Man keken ɗinki yana da tsabta, yana yi wa ƙananan ƙusoshi kyau, sai dai ba shi da jiki, laimar nan tana cin ƙarfinsa da wuri, dole a riƙa sabuntawa. Kalanzir na wanki ne kawai, in ya bushe ƙarfe tsirara yake bari. Fetur kuma kada ma a fara.

Sai WD-40, wanda yanzu kowane shagon kayan gyara yana da shi, mutane kuma sun ɗauke shi maganin komai. An ƙirƙiro shi a 1953 a Amurka don korar ruwa daga jikin ƙarfe, kuma a nan ya iya aikinsa: in ruwa ya doke ka a daji, fesa shi ka goge. Amma siriri ne, yawancinsa tashi yake yi, ba zai riƙe ka wata guda a Warri ba. Bayansa sai an bi da mai na gaske. Wanda ya sami hanyar sayen na bindiga zalla, irin su Break-Free CLP ko Ballistol na Jamus, wanda aka fara yi tun 1904 don sojojinsu, to ya huta. Ƙaramar kwalba tana daɗewa, don ɗigo-ɗigo ake sawa.

Ita bindigar toka hukuncinta daban ne. Tokar albarushi tana da gishiri, tana jan laima daga iska, shi ya sa in an harba aka bar ta ta kwana, cikinta ke fara ci. Mai kaɗai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. A wanke bututun da ruwan zafi, a busar da shi sarai, sannan a shafa. Man fetur da danginsa in suka gamu da wannan toka sukan koma kamar kwalta, shi ya sa tsofaffin mafarauta a ƙasashe da yawa suke haɗa narkakken kitse marar gishiri da kakin zuma. Kai, wannan kitsen ma ya taɓa girgiza daula. A Indiya a 1857, sojojin ƙasar da ke yi wa Turawan Ingila aiki sun ji labarin cewa takardar harsashin sabuwar bindigar Enfield, wadda sai an ciza da haƙori kafin a ɗura, da kitsen saniya da na alade aka shafe ta. 'Yan Hindu na girmama saniya, Musulmi kuma ga alade. Yana cikin abubuwan da suka kunna babban boren wannan shekarar.

Inda ba a sa mai ya kai inda ake sawa muhimmanci. Kafin komai a tabbatar ba harsashi a ciki, a duba da ido, kada a ce ai na san na cire. Cikin bututu shafa ɗaya ta tsumma mai ɗan maiƙo ta isa don ajiya, kuma kafin a fita a bi da busasshen tsumma. Giris ko mai da ya taru a bututu yana tare wa harbi hanya, ƙarfin ya ƙaru, bututu na iya kumbura ko ya tsage a hannun mai shi. A nan Kudu akwai ƙarin fitinar zanzaro, mai son gina ɗakin laka a duk ramin da ya samu, saboda haka a leƙa bututu ta haske kowane lokaci. Harsashi kuma ba a shafa masa komai. Mai kan tsiyaya ya kashe albarushi, ko ya sa harbi ya yi jinkiri, mutum ya ɗauka bai tashi ba ya juyo da baki, sannan ya tashi.

Wajen ajiya, masu jinginewa baki sama suna sa mai ya gangaro ya shiga katako, a hankali katakon ya yi laushi ya fara tsagewa daidai inda ya haɗu da ƙarfe. Gara baki ya kalli ƙasa a kan ɗan katako mai tsabta. Kada a naɗe ta a buhun leda ko bargo, don laima suke riƙewa, kada kuma a jingina ta da bangon da ke tsatsafo da ruwa, irin na ɗakunan hayar da yawancinmu ke ciki. Gumin hannu ma gishiri ne, duk inda yatsa ya taɓa a goge. Da damina, ko ba a harba ba, a fito da ita duk sati biyu a duba. A kulle ta inda yaro ba zai kai ba, harsashi kuma a wani wuri daban, takardar lasisi a cikin leda don ita ma laima na cin ta.