Shirin Kashe Gobara da Iskar Gas: Ɗaki Kafin Tukunya

A al'adance in an ce gobara, abin da kan faɗo wa Bahaushe a rai shi ne ruwa, ko kuwa ƙasa in ruwan ya yi nisa. To, amma akwai wuraren da ɓarnar ruwa kan kai ta wutar, watau kamar ɗakin na'urorin lantarki, ko ma'ajiyar tsofaffin takardun ajami waɗanda tawadarsu ba ta jimirin danshi. Misali na kusa shi ne Tiga, cikin ƙasar Bebeji, inda aka gina madatsar ruwa tsakanin 1971 da 1974, zamanin mulkin Audu Bako, daga baya kuma Gwamnatin Jihar Kano ta kafa tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 a gindinta. Ga ruwa nan malale, amma ba mai hankalin da zai watsa shi a kan janareta alhali lantarki na gudana. Don irin wannan wuri ne aka ƙago dabarar kashe wuta da iskar gas.

Wuta ba ta rayuwa sai da makamashi da zafi da iskar oksijin, wadda ita ce kashi 21 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa. Wani gas, kamar Inergen, wanda haɗi ne na naitirojin da argon da ɗan kabon dayoksaid, yakan rage oksijin zuwa ƙasa da kashi 15, inda wuta kan mutu amma mutum ya samu numfashin ficewa. Wani kuwa, kamar FM-200, zafin yake zuƙewa, ana kuma fesa shi duka cikin daƙiƙa goma. A da Halon aka fi amfani da shi, sai Yarjejeniyar Monturiyal ta 1987 ta kai ga daina yin sa, saboda yana cin rufin ozon na sararin samaniya. Kabon dayoksaid zalla yana da araha, sai dai adadin da ke kashe wuta, watau aƙalla kashi 34 cikin ɗari, yana kashe mutum ma. Saboda haka muhallinsa shi ne inda ba kowa, kamar cikin rufin janareta.

Babban kuskuren masu shiri shi ne su fara da cinikin tukwanen gas, alhali kuwa ɗakin ne tushen aiki. Dole gas ya tsaya a ciki kimanin minti goma, in ba haka ba wutar ta sake tashi daga wayoyin da ba su huce ba. Ɗakin da ke da kafofin shigar waya a buɗe, da tagar da ba ta rufuwa, da rata a ƙarƙashin ƙofa, zuba masa gas tamkar zuba ruwa ne a rariya. Don haka injiniya kan auna girman ɗaki, ya sa a liƙe kafofin, sa'an nan ya ɗaura fanka ta musamman a ƙofa domin ya gwada yawan iskar da ke zurarewa. Abin mamaki, bayan duk wannan liƙi sai kuma a kafa mafita mai buɗe kanta, don kada ƙarfin fesowar ya tsaga bango. Haka nan na'urar sanyaya ɗaki, wajibi ne ta tsaya kafin gas ya fito.

Akwai kuma wata matsala ta ƙasar Hausa, watau ƙurar hunturu, wadda na'urar jin hayaƙi kan ɗauka hayaƙi ce. Maganinta shi ne a tsara kada gas ya fito sai na'urori biyu sun shaida, a kuma riƙa share su kafin shigowar hunturu. Bayan shaidar, jiniya kan yi kuka na kamar daƙiƙa talatin domin ma'aikata su fita. Ƙarar fesowar ita kanta abin lura ce, domin a 2016, a birnin Bukares na Romaniya, ta lalata ma'ajiyar bayanan kwamfutocin bankin ING lokacin gwaji, har harkokinsa suka tsaya na kimanin awa goma.

Tukunyar da ta fesa ta zama fanko, ga shi kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wuri irin Tiga, mai nisan kimanin kilomita 70 daga birnin Kano, yana bukatar jerin tukwane na biyu a ajiye, cike, tun ranar da aka kafa na farko.