Zazzaɓin da Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Shirinmu na yau na iyayen Danchadi ne, da Bodinga, da Shagari, musamman masu kai yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato don maganin ciwon daji.

A wajenmu, da jikin yaro ya yi zafi sai a ce maleriya ce, a aika kemis. Ga yaron da ake yi wa allurar ciwon daji kuwa, wannan zato na iya jawo asarar rai.

Dalili shi ne, maganin da ke kashe dajin yana rage fararen ƙwayoyin jini, masu tsare jiki daga cuta. Sun fi yin ƙasa tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan allura, lokacin da sau da yawa an riga an sallamo yaro gida.

A nan ne ƙwayoyin cutar da ba su iya taɓa mai lafiya ke samun ƙofa. Akwai Rothia, wadda ke zaune a bakin mutane ba ta cutar da su. Idan magani ya tsattsage bakin yaro, sai ta faɗa jini. Akwai Stenotrophomonas, mai son danshi da robar da ta daɗe a jijiya, wadda kuma ba ta jin wasu manyan magungunan da likitoci ke ajiyewa don ranar tsanani.

Ba a gane su da ido. Sai an ɗebi jini an raine shi a ɗakin gwaji na kwanaki. Kafson kashe ƙwayoyin cuta da aka sha a gida kafin ɗibar jinin yakan ɓoye ƙwayar, likita ya rasa takamaiman maganinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, amma a ƙasashe matalauta da dama ba su kai kashi 30 ba. Cutar da ke shiga jini ana tsakar magani na cikin dalilan wannan tazara.

Saboda haka iyaye, ku ajiye ma'aunin zafi da katin asibiti kusa, ku shirya da mai abin hawa tun kafin buƙata ta taso. Zafi ya kai 38, ko yaro na rawar ɗari, ko ya yi laushi, ku kama hanyar Sakkwato ko da tsakar dare ne. Kuna isa ku faɗa cewa yana kan maganin ciwon daji, domin ƙa'ida ita ce a soma masa magani ta jijiya cikin awa ɗaya.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mu kwana nan.